MAI ASMA DA TAKARDAR NEMAN AIKI: A FAƊA KO A YI SHIRU?



A makon jiya wani saurayi, ɗan ɗaya daga cikin membobinmu, ya zo ofishin jam'iyya da takardar neman aiki a hannunsa yana so a taimake shi cikewa, kamar yadda 'ya'yanku suka saba zuwa. Aikin na akawu ne a wani kamfani. Muka bi ta layi layi, suna, garin haihuwa, makarantun da ya yi, har muka iso wani ɗan gurbi a ƙasan shafi na biyu inda aka tambaya: kana da wata naƙasa? I ko a'a. Nan yaron ya ajiye alƙalami. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan abin shaƙa shuɗi, ya ce, "Malam, ina da asma tun ina ƙarami. In na ce i, na san ba za su kira ni ba. In na ce a'a, ina tsoron na yi ƙarya."

Mun ba shi amsa, ya cike takardarsa ya tafi. Amma da muka zauna muka duba sai muka ga ba shi kaɗai ba ne, gama akwai irinsa da yawa a gidajenku da rumfunanku, kuma yawancinsu ba su da wanda za su tambaya. Don haka muka ga ya kamata a kawo maganar a wannan shafi, a yi ta a fili.

Da fari sai mu san abin da muke magana a kai, don rabin wahalar masu wannan ciwo daga rashin sanin jama'a ta ke. Asma ciwo ne na hanyoyin da iska ke bi ta shiga huhu. Hanyoyin nan sukan kumbura ta ciki, in suka gamu da abin da ba sa so sai su ƙara tsukewa, majina ta taru, mutum ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, numfashi na fita da ƙara kamar ana busa usur, ga tari, musamman da dare ko da asuba. Abubuwan da ke ta da shi kuwa duk kun san su: ƙurar hunturu da sanyinsa, hayaƙin itace, hayaƙin janareta, taba, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, garin da ke tashi a injin niƙa, mura. Waɗansu ma ƙwayar asfirin kan ta da musu shi. In ya lafa sai ka ga mutum garau kamar ba shi ba, yana iya yin watanni bai ji kome ba.

Sa'an nan a ji wannan da kyau: asma ba tarin fuka ba ne. Tarin fuka ƙwayar cuta ke kawo shi, kuma ana ɗaukarsa. Asma ba a ɗaukarsa, ko kun ci a kwano ɗaya, ko kun kwana ɗaki ɗaya shekara goma. Yakan bi jini a waɗansu gidaje, amma ba ya tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Sau nawa aka kori yaro daga shago don maigida ya ji shi yana tari da asuba ya ce kada ya shafa wa 'ya'yansa? Wannan jahilci ne, kuma talaka ne ke biyan kuɗinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ke da asma a duniya, kuma ya kashe 455,000 a wannan shekara, yawancinsu a ƙasashen da ba su da ƙarfi irin tamu. Watau ciwo ne da ba a wasa da shi. Amma kuma ciwo ne da magani ke riƙewa. Akwai abin shaƙa iri biyu, wanda jama'a ke kira inhela: mai buɗe ƙirji nan take in ciwon ya taso, shi ne galibi shuɗi, da kuma mai kwantar da kumburin don kada ciwon ya taso tun farko. Tun shekarar 2019 shawarar masana ta duniya ita ce kada babba ya dogara ga shuɗin nan shi kaɗai. Wanda ya sami magani daidai yana aikinsa kamar kowa. Samarinmu masu kallon ƙwallo sun san Paul Scholes da David Beckham, tsofaffin 'yan wasan Manchester United. Dukansu biyu suna da asma, kuma ba mu ji an ce sun kasa gudu a fili ba. In mai asma zai iya wannan, ashe riƙe littafin lissafi ba zai gagare shi ba.

To, asma naƙasa ce ko ba naƙasa ba ce? Nan ne yaron ya tsaya, kuma nan ne ya kamata mu duba abin da doka ta ce, ba abin da ake faɗa a bakin titi ba.

A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ake kira dokar 2018, bayan an yi shekaru da yawa ana kai da kawowa a kanta. Dokar ta ce wanda ya nuna wa mutum bambanci saboda naƙasarsa ya yi laifi. In kamfani ne tararsa naira miliyan 1, in mutum ɗaya ne naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu. Ta ce naƙasasshe yana da hakkin neman aiki daidai da kowa. Ta kuma ce ma'aikatun gwamnati su yi iyakar ƙoƙari su ga kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu naƙasassu ne. A ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa a 2020, kuma akwai takardar shaidar naƙasa da ake bayarwa.

Abin lura shi ne, dokar ba sunan ciwo take dubawa ba, abin da ciwon ya yi wa mutum take dubawa. Naƙasa a wurinta ita ce tawaya mai daɗewa, ta jiki ko ta hankali ko ta gani da ji, wadda ke hana mutum shiga harkokin jama'a sosai daidai da sauran mutane. Saboda haka mutum biyu za su iya zama da asma, ɗaya doka ta ɗauke shi naƙasasshe, ɗaya ba ta ɗauke shi ba. Wanda ba ya iya hawa bene sai ya tsaya ya huta sau uku, wanda kowane hunturu sai an kwantar da shi a asibiti, wanda ko da magani ba ya samun barcin kirki, wannan yana da hujja mai ƙarfi. Wanda kuwa sai jefi jefi yake jin ƙirjinsa, ya shaƙa sau biyu ya ci gaba da harkarsa, wannan yana da ciwo, amma ba shi da naƙasa. Yaron da ya zo mana irin na biyu ne. Rabonsa da kwanciya asibiti tun yana firamare, da ƙafa ma ya zo ofis daga unguwarsu. Muka ce masa rubuta a'a, ba ka yi ƙarya ba, gama abin da aka tambaye ka ke nan ka amsa.

Mun san akwai 'yan'uwa da ba za su ji daɗin wannan ba. Wani dattijo a cikinmu, mutumin kirki, ya ce mana ai mumini ba ya ɓoye aibin hajarsa, duk abin da ke jikinka ka faɗa tun a takardar farko, in rabonka ne za ka samu. Muna girmama wannan magana, kuma a ciniki gaskiya ce: wanda ya sayar da buhun masara ya san ƙasansa ya ci ƙwari, ya yi shiru, ya ci haram. Amma ɗan Adam ba buhun masara ba ne. Abin da mai neman aiki ke sayarwa shi ne aikinsa, ba jikinsa ba. In ciwon bai rage kome daga aikin ba, to ba aibin haja ba ne, sirrin mutum ne tsakaninsa da likitansa da iyalinsa. Wa ya taɓa rubuta a takardar neman aiki cewa yana da basir, ko ciwon haƙori, ko gyambon ciki? Ba wanda ya ce musu maƙaryata.

Kuma a duba yadda ake zaɓen nan a zahiri. Gurbi ɗaya, takardu ɗari biyar a kan tebur. Akawun da aka ba tacewa ba likita ba ne, kuma ba neman wanda zai ɗauka yake yi ba, neman dalilin da zai rage tulin yake yi. Da ya ga kalmar asma sai ya tuna kakarsa da ta rasu tana haki, ya ture takardar gefe. Ba zai rubuto maka ya ce ga dalili ba. Za ka ji shiru ne kawai, kuma shiru ba a kai shi kotu. Tarar miliyan ɗaya tana nan a littafi, amma ta yaya talaka zai tabbatar wa alƙali cewa saboda ciwonsa aka ƙi kiransa, alhali ko ƙofar ofishin bai taka ba? Ɗan mai kuɗi ba ruwansa da wannan lissafi, gama da katin wani babba a aljihunsa zai je, ko da huhu ɗaya yake numfashi an riga an ajiye masa kujera. Ɗan talaka ba shi da kati sai takardar nan. Don me za mu ce masa ya ɗora wa kansa dutse tun bai shiga ruwa ba?

Saboda haka shawararmu ga mai asma mai sauƙi ita ce, a wasiƙar neman aiki da takardar tarihin karatu, inda ba a tambaye ka ba, kada ka kawo zancen. Ka faɗi abin da ka iya.

Amma akwai waɗansu kuma da suka zarce, suna cewa a ɓoye har abada, ko an tambaya a musa, in an kai ga awon likita a san yadda za a yi. Waɗannan sun fi na farko kuskure, kuma kuskurensu na iya kai mutum kabari.

Yin shiru a inda ba a tambaye ka ba daban, musun abin da aka tambaye ka daban. In takarda ta ce, kana da wani ciwo mai daɗewa, ko ta jera cututtuka har da asma ta ce ka nuna wanda kake da shi, to nan ba sauran kewaye, sai ka faɗa. A ƙasan yawancin takardun nan akwai inda kake sa hannu cewa duk abin da ka rubuta gaskiya ne. Ran da aka so rabuwa da kai, ko bayan shekara biyar ne, ko don ka shiga ƙungiyar ma'aikata ne, ko don ka nemi hakkinka, wannan takarda za a jawo daga fayil. Ba za a ce an kore ka don asma ba, za a ce an kore ka don ƙarya, kuma kai ka ba su wuƙar da hannunka. In za ka faɗa kuwa, kada ka rubuta kalma ɗaya tak ka bar ta tsirara. Ka rubuta cewa kana da asma mai sauƙi, kana kan magani, bai hana ka aiki ba, in kana da takardar likita ka haɗa.

Haka nan wajen awon lafiya. Aikin gwamnati da manyan kamfanoni sukan nemi takardar likita kafin ka kama aiki. Gaya wa likita gaskiya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan asibiti riƙe sirrin marar lafiya, dokar kare bayanan mutane ta 2023 kuma ta sa labarin lafiyar mutum cikin abubuwan da ba a yawo da su sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Mun sani, kun sani, akwai inda ake sayar da takardar lafiya ba tare da an ko ɗora wa mutum abin awo a ƙirji ba. Wanda ya sayi irin wannan ya ɗauka ya yi wayo, alhali ya sayi takardar da za a yi masa shaida da ita ne. Gobe in ƙurar wurin aiki ta lalata masa huhu, sai a ce ai ga takardarka, lafiya lau ka ce kake, ko kuwa a ce ai da ciwonka ka zo ka ɓoye. Ko ta ina shi ne a ƙasa.

Sa'an nan akwai ayyukan da tun farko ba a yi wa mai asma shiru a kansu, don ba zancen samun aiki ba ne, zancen rai ne. Injin niƙa, gidan burodi inda garin fulawa ke tashi, masaƙa da gidan gurzar auduga, majema irin na Challawa da Sharaɗa, fentin mota na fesawa, gidan kaji, aikin katako, wurin siminti, sheƙar hatsi a Dawanau. Waɗannan wurare ba ta da ciwon kaɗai suke yi ba, suna iya haifar da shi ga wanda bai taɓa yi ba. Likitoci sun ƙiyasta cewa wajen ɗaya cikin shida na asmar manya tana da alaƙa da wurin aiki. Haka aikin soja da ɗan sanda da kashe gobara, inda ake awon jiki mai tsanani, kuma horon kansa ba ya jiran mutum ya laluba aljihu. Wanda zai nemi irin waɗannan ya fara zuwa wurin likita kafin ya je wurin mai ɗauka, kuma ya faɗa tun da wuri. In an ce ba zai iya ba, ya yi haƙuri ya nemi wani. Mun san yunwa ba ta jin wannan magana, mun san albashi mafi ƙanƙanta da aka yanka a 2024, naira 70,000, bai kai wata ba, balle wanda ba shi da ko shi. Amma mun fi so mu ga ɗanku yana zaman jiran aiki da mu zo muku ta'aziyya.

To, in mutum ya yi shiru a wasiƙa, yaushe zai faɗa? Bayan takardar kama aiki ta shiga hannunsa. A makon farko ya sami shugabansa na kusa, ya gaya masa a natse, kuma ya rubuta a takarda ya ajiye kwafi a gida. Ya gaya wa abokin aiki ɗaya ko biyu inda yake ajiye abin shaƙarsa, da abin da za su yi in ciwon ya taso: a zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar da shi, kada a taru a kansa, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, a ba shi abin shaƙarsa, in bai sassauta ba ko ya kasa magana a garzaya da shi asibiti. Mutum nawa aka yi ta yayyafa wa ruwa ana cewa iska ce ta buge shi, alhali maganinsa na cikin aljihun rigar da ya rataye? Wannan faɗar ba roƙo ba ne. Da ita ne za ka iya cewa a matsar da teburinka daga bakin janareta, ko a ba ka abin rufe hanci ran da ake share sito. Abubuwa ne da ba su cin kuɗi, amma ba a yi wa wanda bai yi magana ba.

Takardar nan da ka ajiye tana da wani amfani kuma. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya a asusun da hukumar NSITF ke riƙe, don biyan wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo saboda aiki, kuma cututtukan huhu da aiki ke jawowa suna ciki. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya kare ma'aikata daga ƙura da hayaƙi mai cutarwa. Akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Duk waɗannan da takarda suke aiki. Wanda ya rubuta tun ran farko cewa ciwonsa mai sauƙi ne, sa'an nan bayan shekara biyu a cikin ƙura ya zama ba ya iya hawa bene, yana da abin nunawa.

Sauran magana ɗaya mai ɗaci, ita ce ta kashi 5 ɗin nan. Mun fara jin waɗansu samari masu wayo suna cewa tun da akwai gurbin naƙasassu, bari su ma su rubuta asma su shiga ta nan. Wanda asmarsa ta naƙasa shi da gaske, wannan hakkinsa ne, ya nemi takardar shaida ya shiga da ƙarfinsa, kada ya ji kunya, kuma ofishinmu zai tsaya masa. Amma mai buga ƙwallo kowace yamma ya je ya tsaya a layin makaho da gurgu da kurma, waɗanda suka yi shekaru suna zanga-zanga a ƙofar majalisa kafin a ba su wannan ɗan gurbi, wannan ba wayo ba ne, cin naman ɗan'uwa ne. Gurbin da ko cika shi ba a yi ba, manya na cusa 'ya'yansu, sa'an nan talaka ya zo ya ƙwace ragowar daga hannun talaka? Ba da mu ba.

Yanzu sai mu juyo gare ku, 'yan kasuwa, gama wannan jarida a rumfunanku aka fi karanta ta. Muna yawan zargin kamfanoni da gwamnati, kuma sun cancanta, amma yawancin 'ya'yan talakawa ba a kamfani suke samun aiki ba, a wurinku suke samu, a Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa da Kurmi da sauran kasuwanni. A wurinku ba fom, ba awon likita, uba ne zai kamo hannun ɗansa ya ce, Alhaji ga yaronka. Kuma uban nan yakan yi shiru a kan ciwon yaron saboda tsoron abin da za ku ce. In kuna so a daina ɓoye muku, sai ku sa faɗar ta zama ba ta da hasara. Yaron da ya ce maka yana da asma ya nuna maka shi mai gaskiya ne, irin wanda za ka bar wa aljihun tebur ka tafi masallaci. Sa shi wajen lissafi ko jiran shago, ka ɗauke masa kaɗe dila da sharar sito, ka matsar da janareta daga bakin ƙofa, wanda kai ma huhunka zai gode maka. In hunturu ya yi tsanani ya makara da safe, ka tuna daren jiya a zaune ya kwana. Ba za mu hau dandamali muna kukan zaluncin manya ba, sa'an nan mu koma rumfa mu yi wa na ƙasa da mu irinsa.

Amma duk wannan dabarar zama da mugun hali ce, ba maganinsa ba. Abin tambaya shi ne, don me tun farko aka bar mai ɗaukar aiki ya tambayi lafiyar mutum kafin ya duba iyawarsa? A Amurka, dokar naƙasassu ta 1990 ta hana a tambayi mai neman aiki naƙasarsa ko a yi masa awon likita sai bayan an yi masa tayin aikin. A Ingila dokar daidaito ta 2010 ta hana irin waɗannan tambayoyi kafin tayi, sai a 'yan wurare da ta keɓe, kamar in abin ya shafi ainihin aikin. Kada wani ya ce mana wannan sai Turai. A nan ƙasar, dokar 2014 ta hana a tilasta wa mutum gwajin cutar ƙanjamau a matsayin sharaɗin ɗaukarsa aiki. Ashe mun san hanyar. Abin da aka yi wa ciwo ɗaya, me ya hana a yi wa mai asma da mai sikila da mai ciwon sukari da mai farfaɗiya?

Wannan shi ne abin da muke nema ga majalisa: a hana tambayar lafiya a takardar neman aiki, a mai da ita bayan tayi, a hannun likita, kuma likita ya gaya wa kamfani abu ɗaya kawai, zai iya aikin ko ba zai iya ba. Tambayar naƙasa don cika kashi 5 a raba ta da takardar da mai tacewa ke gani, kuma amsa ta ta zama ganin dama. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 42, ya hana bambanci saboda ƙabila da addini da jinsi da asali da ra'ayin siyasa, amma bai ambaci naƙasa da sunanta ba. Masu gyaran kundi da ke yawo jiha jiha suna cin kuɗin zama, ga aiki nan in suna so.

Sai kuma magani. Duk abin da muka faɗa a sama, cewa mai asma yana aiki kamar kowa, ya rataya ne a kan yana samun abin shaƙarsa. A watan Agusta na 2023 kamfanin GSK mai yin Ventolin ya ba da sanarwar zai daina sayar da magungunansa da kansa a Nijeriya, ga kuma faɗuwar naira a wannan shekara, sai kuɗin abin shaƙa ya yi tashin gwauron zabo, har ya yi wuyar samu a kantunan magani. Masu ciwon suka koma tattalin shaƙa, wanda ya kamata a yi yau a bar shi sai gobe. Mutumin da magani ya riƙe shekara ashirin bai fasa aiki ba, tsada ta mai da shi naƙasasshe a wata shida, sa'an nan a zo a ce masu asma ba su da ƙwazo. Gwamnatin da ke da kuɗin sayen motocin alfarma tana da kuɗin da za ta sa abin shaƙa iri biyun nan a kowane asibitin unguwa a kan farashin da talaka zai iya. Muna so wakilanmu su ta da wannan magana a zauren majalisa, mu kuma za mu buga sunan wanda ya tashi da wanda ya yi gum.

Yaron nan an kira shi ganawa ranar Litinin mai zuwa. Mun ce masa ya tafi da abin shaƙarsa a aljihu, in sun tambaye shi lafiyarsa ya faɗa musu yadda take, in ba su tambaya ba ya yi zancen lissafi. Duk memba da ke da ɗa ko 'ya mai irin wannan takarda, ya turo su ofis kafin su sa hannu, su zo da katin asibitinsu in suna da shi. Ba a biyan ko kwabo.